Babi na Biyar: Batir na Biyu da Cajar da Ta Dace da Shi

Wanda ya saba bin titin da ya ratsa Karu ya miƙe Jikwoyi da Kurudu har Karshi ya san ba kowace bas ko a-kori-kura da ke tsaye a bakin hanya ce ke jiran fasinja ba. Da yawansu wuraren sana'a ne. Wannan tana ɗauke da firiza cike da yogot da zoɓo da kunun aya. Waccan an ɗaura mata lasifika a ka, ana tallan magani ko sanarwar wa'azi. Wata tun asuba ta yi lodin nama a mayankar Karu za ta kai wa gidajen abinci a Garki da Wuse. Ga kuma direbobin dogon zango da ke kwana a cikin motocinsu a Nyanya da Mararraba, masu buƙatar fanka da fitila da wurin cajin waya kafin gari ya waye. Abin da ya haɗa su duka shi ne suna son wuta a lokacin da injin mota yake a kashe.

A da, ba a wahala: a bar mota a kunne, ko a ɗaure ƙaramin janareto a baya. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafi ya canza. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba na 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen man Abuja. Barin inji yana sulo awa biyar don firiza ta riƙe sanyi ya zama cin riba har da uwar kuɗi. Shi ya sa masu motoci suka koma ga batir na biyu, wanda ake ajiyewa a cikin mota don kayan wuta kaɗai, ba don tayar da inji ba. A Turai da Ostareliya masu motocin yawon shaƙatawa sun daɗe suna amfani da shi. A nan kuwa abin neman abinci ne.

Kukan da aka fi ji a bakin masu irin waɗannan motoci guda ne: batir sabo, kuɗi mai yawa, amma bai rufe shekara ba ya daina riƙe caji. Nan da nan sai a ce jabu aka sayar wa mutum. Jabu kam akwai shi a kasuwa, za mu kuma zo kansa. To amma mafi yawan batiran da suka mutu da wuri, cajin da bai isa ba ne da zafi suka kashe su, kuma duka biyun ana iya kauce musu. Wanda ya san wace caja ta dace da batir ɗinsa ya riga ya yi fiye da rabin aikin.

Batir biyu, aiki biyu

Batir ɗin dalma tsohon abu ne. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau asalin ginin bai sauya ba: farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Batir mai bolt 12 yana da sel shida a ciki, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1 idan ya cika.

Bambancin yana ga kaurin farantan. Batir ɗin tayar da mota farantansa sirara ne masu yawa, don ya saki wuta mai ƙarfi cikin daƙiƙa biyu ko uku, kik ya juya, altaneta ta mayar masa da abin da ya bayar nan take. Ba a yi shi don a zuƙe shi a hankali har ya yi ƙasa ba. Idan aka riƙa yi masa haka kullum, farantan sukan zube, cikin 'yan makonni ko watanni ya gama yawo. Shi kuwa batir ɗin da ake sa wa inbata ko sola farantansa masu kauri ne, yana jure a sauke shi a sake cika shi sau ɗaruruwa. A cikin irinsa akwai mai ruwa, wanda tubula ya fi shahara a ciki, akwai kuma rufaffu irin su jel da AGM, waɗanda 'yan kasuwa ke ce wa busassu.

Saboda haka kuskure na farko shi ne a jona firiza ko amfilifaya a batir ɗin mota. Na biyu shi ne a sayo wani batir ɗin mota, ko da babba ne na tirela, a ce shi ne na biyun. A cikin bas da ke shiga ramuka da hanyoyin unguwa marasa kwalta, rufaffen batir ya fi sauƙin sha'ani domin ba ya zubar da asid. Tubula yana da juriya ƙwarai, amma dogo ne mai nauyi, dole ya tsaya a miƙe, a ɗaure shi tam, iska kuma tana ratsa inda yake.

Lissafi kafin a je kasuwa

Kafin a tambayi farashi a Kugbo ko Apo, a fara zama da biro da takarda. Mu ɗauki misalin mai sayar da kayan sanyi. Firizarsa mai aiki da bolt 12 tana jan wat 60, kuma a cikin awa 10 na kasuwa injinta yana aiki kamar rabin lokacin: wat 300 ke nan. Amfilifaya mai wat 40 na awa 5 ta ci 200. Fanka mai wat 20 na awa 5 ta ci 100. Fitila da cajin waya da na'urar POS a ba su 50. Jimla 650. Idan aka raba wannan da 12, za a samu kimanin 54. Wato a kowace rana zai cire amfiya 54 daga batir, a ma'aunin da ake rubutawa Ah a jikinsa.

Ƙa'idar batir ɗin dalma ita ce kada a sauke shi ƙasa da rabi. Don haka mai cire 54 a rana yana buƙatar aƙalla mai 110, kuma in zai iya ya sayi mai 150, domin rarar da ya bari ita ce tsawon ran batir ɗin. Wanda zai bi ta inbata ya kunna firizar gida ya ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan lissafinsa, saboda inbatar ita ma tana cin nata. Kuma kada a mayar da kukan inbata ya zama alamar lokacin caji. Yawancinsu sai wuta ta faɗo wajen bolt 10.5 suke yankewa, a lokacin kuwa an riga an yi wa batir illa.

Ƙaramar mitar auna wuta ba ta kai kuɗin 'yan litocin mai ba, kuma ita ce idon mai batir. A kashe komai, a bar batir ya huta na 'yan awanni, sannan a auna. Bolt 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne. Bolt 12.4 saura kamar kashi uku cikin huɗu. Bolt 12.2 rabi ne, nan ya kamata a tsaya. In ya sauko 12.0 ko ƙasa, a nemi caja a ranar, ba gobe ba.

Dalilin gaggawar shi ne, duk lokacin da batir ya ba da wuta, wani farin gishiri da ake kira salfet yana taruwa a jikin farantansa. Idan aka cika shi da wuri, gishirin yakan narke ya koma cikin ruwan. Idan aka bar shi kwana da kwanaki a sauke, ko kullum ana cire shi daga caja bai ƙoshi ba, gishirin sai ya daskare ya yi tauri, wannan ɓangaren farantin ya daina aiki har abada. Batir ɗin da ke cika cikin rabin awa ya kuma sauke cikin rabin awa, ciwon da ke damunsa ke nan.

Yadda batir ke cin caji

Wanda ya taɓa tarar ruwa a jarka ya san yadda abin yake: da farko a buɗe famfo gaba ɗaya, in ruwa ya kusa wuya a rage, in ba haka ba ya yi ta ambaliya alhali jarkar ba ta cika ba. Caja mai kyau haka take aiki, a mataki uku. A mataki na farko tana tura duk ƙarfin da take da shi har batir ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari. A na biyu sai ta tsayar da wuta a wajen bolt 14.4, ƙarfin da ke shiga yana raguwa a hankali na tsawon awanni, har ragowar kashi 20 ɗin ya shiga. A na uku ta sauko wajen bolt 13.6, ta riƙe batir a cike ba tare da ta dafa shi ba.

Mataki na biyun nan shi ne wanda aka fi tauye wa batir. Ba ya gaggawa, kuma ba a iya tilasta shi. Wanda ya ga fitilar caja ta nuna an kusa, ya zare ya fita kasuwa, ya sake yin haka gobe da jibi, yana tara wa kansa gishirin da aka ambata a sama.

A rumfar mai caji

A kusan kowace unguwa, daga kasuwar Karu zuwa Jikwoyi, akwai rumfar mai cajin batir, galibi kusa da mai riwaya. Batira a jere a ƙasa, an rubuta sunan mai kowanne da alli ko fenti. A kan benci akwai akwatin ƙarfe mai nauyi da taransifoma a ciki yana gurnani, wayoyi ja da baƙi sun fito sun ciji kawunan batira uku ko huɗu a lokaci guda. An kwance murafan masu ruwa, kana jin ruwan yana tafasa ƙasa-ƙasa, wani lokacin har da warin ruɓaɓɓen ƙwai. In aka zo karɓa, sai yaron shago ya ɗauki guntun waya ya goga tsakanin kawunan biyu, tartsatsi ya tashi, ya ce, "Oga, ya cika."

Masu wannan sana'a sun taimaki mutane da yawa, kuma don tayar da batir ɗin motar da ya kwana a sauke, aikinsu yana biyan buƙata. Amma irin wannan caja ba ta da mataki, ba ta san batir ya cika ba, sai mutum ya tuna ya cire. Mai ruwa zai iya jurewa, tunda ana ƙara masa ruwa. Rufaffen batir kuwa duk ruwan da ya ƙone a cikinsa ya tafi ke nan, daga nan sai kumburi. Warin nan alama ce ta caji ya wuce kima. Tartsatsin kuma bai nuna cika ba, domin batir mai rabin caji ma zai yi shi. Ga haɗari a kai: batir da ke caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri. Batir yakan fashe a fuskar mutum ta wannan hanyar.

Riwayan da ya san aikinsa, idan direba ya zo masa da ƙorafin batir, tambayarsa ta farko takan kasance, "Maigida, da wace caja kake ba shi wuta, kuma awa nawa?" Amsar wannan tambaya ita ke bayyana yawancin matsalolin.

Wanda batir ke ciyar da iyalinsa ya mallaki cajarsa. Ga abubuwan da zai duba.

Na farko, girma. Ƙarfin caja ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na girman batir ɗin dalma. Mai 100 yana son caja mai amfiya 10 zuwa 20, mai 150 kuma 15 zuwa 30. A misalinmu na baya, mayar da amfiya 54 da aka cire yana buƙatar tura kusan 65, domin wani kaso yana tafiya a zafi. Caja mai amfiya 15 za ta gama cikin awa shida zuwa bakwai. Ƙarama mai amfiya 5 sai ta haura awa 13.

Na biyu, awannin wutar unguwarku. Kamfanin AEDC ne ke raba wuta a Abuja da Nasarawa da Neja da Kogi, kuma an kasa layuka rukuni-rukuni: rukunin A awa 20 aka yi masa alkawari a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Wanda ke layin awa 8, wutar ma ba lallai ta zo da dare ba, ƙaramar caja ba za ta taɓa cika masa batir ba. Shi ya kamata ya ɗauki mai ƙarfi daga cikin abin da batir ɗinsa zai iya ɗauka.

Na uku, ta kasance mai mataki uku, mai maɓallin zaɓen nau'in batir. Jel ba ya son wuta ta wuce wajen bolt 14.1 zuwa 14.2, mai ruwa kuwa yana ɗaukar 14.4 har zuwa 14.8. Adadin da ya dace yawanci a rubuce yake a jikin batir, a karanta a daidaita.

Na huɗu, juriyar wuta mai rauni. Wutar gida bolt 230 ya kamata ta kasance, amma kowa ya san yadda take faɗuwa da yamma idan unguwa ta kunna kaya. Cajar taransifoma tana raguwa tare da wutar. Ta zamani, wadda aka rubuta a jikinta cewa tana karɓar daga bolt 100 ko 170 zuwa sama, ba ruwanta da wannan. Haka nan a duba ko tana ci gaba da kanta idan an ɗauke wuta an dawo da ita cikin dare.

Na biyar, a ɗauke ta a hannu a duba: kaurin wayoyi, ƙarfin maƙalai, fankar sanyaya ta. Akwai cajojin da aka rubuta wa amfiya 20 alhali ko 8 ba sa bayarwa. A sa mai shago ya gwada da mita a gaban ido. Araha ba ta ado, kuma a nan asararta ba ta tsaya ga cajar kaɗai ba. Ramin bolt 12 da ke jikin ƙaramin janareto shi ma ba caja ba ce, ba shi da abin daidaita wuta. In da janareto za a yi caji, a jona cajar kirki a soket ɗinsa.

Wutar da mota ke bayarwa

Tunda mota tana tafiya kullum, hankali zai ba da cewa altaneta ta cika batir na biyun a hanya. Tana iyawa, amma da sharuɗɗa. Idan aka haɗa batiran biyu kai tsaye da waya, firiza za ta zuƙe su tare, da yamma a nemi masu turi. Dole a sa abin raba su. Mafi sauƙi shi ne rile mai jin ƙarfin wuta, wanda ke haɗa su idan inji ya tashi wuta ta haura wajen bolt 13.3, ya kuma raba su idan an kashe.

Sai dai hanyar Abuja zuwa Keffi ba ta taimaka wa altaneta. Motar da ta shafe awa ɗaya tana jan ciki daga gadar Nyanya zuwa AYA da safe, ta sake yin haka da yamma, injinta yana sulo ne mafi yawan lokaci, kuma a sulo altaneta kaɗan take bayarwa daga ƙarfinta, fitilu da fankar inji ma sun ci nasu. Sannan ga tsawon waya. Batir ɗin da ke bayan bas yana iya yin mita 5 daga inji, zuwa da dawowa mita 10. Idan wayar mai kaurin milimita 6 ce, amfiya 20 na bi ta ciki, fiye da rabin bolt zai ɓace a hanya: 14.2 ta fita, 13.6 ta isa. Da wannan batir ba zai kammala mataki na biyu ba. Waya mai milimita 16 tana rage asarar zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na bolt. A kankare bakin waya kafin a biya: in cikinta fari ne, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, a ajiye ta.

Abin da ya fi rile shi ne cajar da ake sawa tsakanin batir da batir, wadda ake rubuta wa DC-DC. Tana karɓar duk abin da altaneta ta bayar, ta ɗaga shi ko ta rage shi, ta yi wa batir na biyu caji mai mataki uku, kuma ba ta jan fiye da abin da aka ƙayyade mata. Ga motocin Turai na baya-bayan nan da ake shigowa da su na hannu, musamman ƙirar wajen 2015 zuwa sama, ita ce kaɗai mafita, domin kwamfutar motar takan rage wutar altaneta don tsimin mai, rile ya yi ta haɗawa yana rabawa. Kowace hanya aka bi, a sa fis kusa da kan wuta na kowane batir. Wayar da ta goge a jikin bodi ba fis tana iya ƙone mota cikin mintuna.

Rana a kan rufi

Motar da ke wuni a tsaye a bakin kasuwa tana da rufi a buɗe ga rana, kuma yankin Abuja yana samun kimanin awa 5 na rana mai ƙarfi a matsakaici. Faifan sola mai wat 200, bayan an cire asara, zai iya ba da wajen wat 700 a wuni mai haske, wato ya ɗauke nauyin mai kayan sanyin nan namu. Amfaninsa mafi girma shi ne yana ba da wuta daidai lokacin da firiza ke ja, don haka batir ba ya sauka sosai. A Yuli da Agusta hadari yana rage shi ƙwarai, da hunturu kuma ƙura ce ke rufe shi, sai an riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya. Kada a jona faifai kai tsaye a batir, sai ta na'urar daidaita caji. Iri biyu ce, PWM mai sauƙin kuɗi da MPPT da ke tatso ƙarin wuta daga faifai ɗaya. MPPT ta gaskiya tana da ɗan nauyi saboda naɗin jan ƙarfen da ke cikinta, wadda kuwa aka rubuta wa MPPT amma ba ta da nauyi kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba, suna kawai ta ara.

Zafi da kulawar mako-mako

Alƙaluman da kamfanoni ke rubutawa a jikin batir an auna su ne a zafin digiri 25. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage rabin tsawon ran batir ɗin dalma. A Maris da Afrilu zafin Abuja yana haura digiri 35 a inuwa, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka nesa. Don haka kada a ajiye batir kusa da inji, ko a kan daɓen da salansa ke bi ta ƙarƙashinsa, ko inda firiza ke huro zafinta. Batir mai zafi kuma yana son a ɗan rage masa wutar caji, kamar 14.1 maimakon 14.4 idan ya kai digiri 35. Cajoji masu kyau suna da 'yar wayar jin zafi da ake mannawa a jikinsa don su yi wannan gyara da kansu. In ka taɓa batir yana caji ka ji ya yi zafin da hannu ba ya son daɗewa a kai, ka kashe.

Mai ruwa a duba shi duk mako biyu a lokacin zafi. Ruwa ya rufe farantai, kuma tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa. Ruwan rijiya da na burtsatse da na leda duk suna da ma'adinan da ke lalata farantai. Ba a ƙara asid, domin ruwa ne ke ƙonewa, asid ɗin yana nan. Farin garin da ke taruwa a kawuna ana wanke shi da ruwan kanwa da tsohon burushi, a kula kada ya shiga cikin sel, a busar, a ɗaure da kyau, a shafa basilin. Wajen caji a fara maƙala wayoyi a batir kafin a jona a bango, wajen cirewa a fara zarewa daga bango. Aƙalla sau ɗaya a mako a bar shi a kan caja har ya kammala dukkan matakansa. In za a yi tafiyar salla ko wata doguwar tafiya, a cika shi, a cire wayoyinsa, sannan a tafi.

Batun litiyam

Batir ɗin litiyam na nau'in LiFePO4, wanda ya samo asali daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas a Amurka a shekarun 1990, yanzu ya cika kasuwannin sola. Goodenough na cikin mutum ukun da aka ba kyautar Nobel a 2019 saboda aikin batiran litiyam. Mai 100 nauyinsa kilo 12 ko 13 ne, alhali na dalma yana kusan 30. Ana iya amfani da kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, yana jure sauka da cika fiye da sau 2,000, kuma zama a rabin caji ba ya cutar da shi. Ga wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, wannan babban abu ne.

Amma yana da nasa dokokin. Dole cajar ta kasance mai saitin litiyam, kuma kada a taɓa kunna masa saitin farfaɗo da batir da ke tura wuta sama da bolt 15. Kada a haɗa shi da altaneta ta rile, domin yana jan wuta da yawa har ya ƙone ta a gosulo, sai ta DC-DC. Mita ba ta faɗin gaskiyar cikinsa, tunda yakan tsaya wajen bolt 13.2 har ya kusa ƙarewa. Kuma a tabbatar yana da allon kariya a ciki, wanda ake kira BMS. Waɗanda ake harhaɗawa da tsofaffin batiran kwamfuta a bayan shago wani nau'in litiyam ne daban mai saurin kamawa da wuta, bai kamata a kwana da su a mota ba.

Saye da rabuwa

Wajen sayen na dalma, a duba ranar ƙira. Wanda ya wuce wata shida a shago ba caji ya fara lalacewa tun bai bar kanta ba. A auna shi, kada ya gaza bolt 12.5. A ɗora shi a sikeli: mai 100 na gaskiya yana kusan kilo 30, mai 200 yana kusan 60, domin dalma ba ta ɓoye nauyinta. A duba kawuna ko akwai sawun tsohon ɗauri, a duba jiki ko sabon fenti ne. A karɓi rasit mai ɗauke da garanti da lambar batir ɗin.

Idan ya mutu kuma, a san inda za a kai shi. Dalma guba ce. A 2010 gubarta, daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Ita ce dai dalmar da ke cikin batir, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta da ba ya cutarwa a jinin yaro. A 2024 hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da dokokin sarrafa batira saboda irin wannan haɗari. Kada a fasa batir a tsakar gida, kada a juye ruwansa a kwata, kada a narka shi a kaskon da ke kusa da yara. A mayar wa dilan da ke karɓar tsoho a cire kuɗinsa daga na sabo, a miƙa shi a rufe yadda yake.

Ɗan'uwa mai mota, idan ka tashi yin kasafin batir na biyu, ka sa kuɗin caja da waya da fis da mita a cikin lissafi tun farko. In kuɗin bai kai ba, gara ka sayi matsakaicin batir da caja mai kyau da ka sayi babba ka bar shi a hannun cajar da ba ta san ya cika ba. Ka auna shi kullum, kada ka sauke shi ƙasa da rabi, ka cika shi a ranar da ka yi amfani da shi, ka nisanta shi da zafi. Wanda ya riƙe waɗannan huɗu zai ci moriyar kuɗinsa. Allah ya sa wa sana'a albarka.